Jatan Landen da Ke Bangon Tela

A unguwar Kilomita Biyar a Bangi akwai wani tsohon tela wanda ya rataye doguwar takarda a bangon shagonsa, irin wadda ake naɗewa kamar tabarma. Zanen jatan lande ne a kanta, da baƙar tawada kaɗai. Cikin dilar yadi daga ƙasar Sin ta zo masa. Da rikici ya tsananta a 2014, ya gudu Kamaru ya bar keken ɗinkinsa, amma takardar nan ya naɗe ta cikin tabarmarsa.

Bayan ya komo, jikansa ɗan makaranta ya binciko masa labarinta. Ashe bugun inji ne na aikin Qi Baishi, wanda aka haifa a 1864 a gidan talakawa. Kafinta ne da fari, sai da ya haura shekara hamsin ya zauna a Beijin, can sunansa ya fito. Ya rasu a 1957. A 2017 aka yi gwanjon zanensa goma sha biyu na duwatsu da koguna a kan yuwan miliyan 931 da rabi, mutanen ƙasarsa suna ta rububi.

Tela ya yi shiru, ya ce, "To jikana, mu fa, ba mu da namu?"

Akwai kuwa. Clément-Marie Biazin ɗan ƙasar nan ne, an haife shi a 1924. Ya yi kamar shekara ashirin yana yawon ƙwadago a ƙasashen maƙwabta, ya dawo Bangi ya shiga zana tarihi da al'adun mutanensa, yana rubuta bayani a jikin kowane zane domin kada na baya su manta. Wani Bafaranshe mai shirya fim, Robert Sève, shi ya tallafe shi, ya tattara aikinsa. Kuturta ta kama Biazin, ya rasu a 1981. Zanensa da yawa Turai suka tafi.

Abin ya dami tela ƙwarai. Ya tsira da kwafin aikin baƙo, ga shi bai taɓa ɗora ido a kan na ɗan garinsu ba. Bai zargi Bature ba, gama da bai adana ba, da gara da ruwan sama sun cinye.

Washegari ya aiki yaron ya bugo masa hoton zanen Biazin guda ɗaya, ya kafa ƙusa ta biyu a bango. Yanzu duk mai kawo ɗinki sai ya ji sunan kafin a auna shi.