Dogo ya bar gindin kwando

A da, aikin dogon ɗan wasa a gasar ƙwallon kwando ta NBA, can Amurka, sananne ne: ya kafe gindin kwando, ya kabe jifan abokan karawa, ya zura nasa daga kusa. Karim Abdul-Jabbar ya tara maki 38.387 kafin ya aje wasa a 1989, amma sau ɗaya tak ya ci jifan nesa mai maki uku.

Sannu a hankali masu horo suka yi lissafi, suka ga uku ta fi biyu, sai aka jawo dogaye waje. Bajamushe Dirk Nowitzki, mai tsawon mita 2,13, da jifan nesa ya yi suna, har ya ɗauki kofi a 2011. Nikola Jokic na Sabiya, gwanin raba ƙwallo, ya zama gwarzon gasar a 2021, 2022 da 2024.

Wanda bai sauya ba kuwa ya ji jiki. Roy Hibbert, mai mita 2,18, yana cikin taurari a 2014, amma nauyin ƙafa ya hana shi bin masu jifan nesa. A 2017 aka daina ɗaukarsa, yana ɗan shekara 30. Tsawo baiwa ce, amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.