Lomar Tuwon da Na Miƙa wa Baba

A Salaga inda na tashi, idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a wuya, magani ɗaya muka sani: a gutsuro ƙatuwar lomar tuwo, ya haɗiye ba tauna. Haka muka gada, haka kuma muka yi wa mahaifina daren da ya ci ƙyafaffen kifin da aka kawo daga Makango, bakin Tafkin Bolta.

Ni da hannuna na miƙa masa lomar. Na ce, "Baba, ku daure ku haɗiye." Ya haɗiye, ya ce ta wuce, muka yi hamdala.

Ashe ba ta wuce ba. Kwana biyu bayan haka, ko yawu ya gagare shi haɗiya, ƙirjinsa na suka, ga zazzaɓi. Muka ɗauke shi sai Tamale.

Likita ta bayyana mini cewa ƙayar kifi ba kullum take fitowa a hoton ƙirji ba, sai an leƙa. Aka sa Baba barci, aka zura masa siririn bututu mai fitila da kamara ta baki. A kan allo aka hango ƙayar kafe a bangon hanyar abinci, wurin ya kumbura. Da ɗan hantsakin da ke bi ta cikin bututun aka cafko ta, ba a tsaga shi ba. Tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba.

Ta ce mini, "Malam, loma kan ƙara dasa ƙaya ne a nama. Da ta huda bangon nan, ƙwayoyin cuta sun shiga ƙirji, da rai muke ƙoƙarin cetowa." Na sunkuyar da kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Baba ya yi kwanaki yana karɓar ruwa da magani kafin a yarje masa shan koko.

'Yan'uwana na Salaga, Yendi da Bawku, tafiyarmu zuwa babban asibiti doguwa ce, don haka kada mu ƙara mata jinkiri. Ƙaya, tsabar kuɗi, haƙorin roba, ko ɗan batirin agogo, wanda kan ƙone hanyar abincin yaro cikin awa 2, duk wanda ya maƙale, a bar tuwo a kama hanya.

Har yau Baba na cin kifi. Ni nake zauna na cire masa ƙayoyin. Allah Ya kiyashe mu.