Kwana uku a Dutse, ni da taurarin takarda

Ka tuna safiyar da ka raka ni tasha a Katsina, kana tsokanata wai zan je koya wa 'yan Jigawa ƙera mutum da biro? To ga ni na dawo, sai ka gyara zama.

Wanda ya gayyace ni tsohon abokin karatunmu ne, yana koyar da Hausa a wata sakandare a Dutse. Ɗalibansa suna da ƙungiyar rubutu, ya ce in zo in yi musu bayanin yadda ake gina taurari a ƙagaggen labari. Taurari, in ka manta, su ne mutanen cikin labari a bakin malaman adabi. Na cika jaka da tsofaffin takarduna na jami'a, ina ji da kaina.

A Kano na sauya mota, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, kamar kullum. Muka haye gadar Wudil, muka bi ta Gaya. Ni a zatona, tunda sunan jihar Jigawa, rairayi zan yi ta gani har in sauka. Sai ga duwatsu sun taso a gabanmu, manya-manya, wani bisa wani kamar da hannu aka ɗora su. Na ce wa na kusa da ni ashe akwai duwatsu haka a ƙasar nan. Ya dube ni ya ce, "Malam, ina ka ce za ka?" Na ce Dutse. Bai ƙara ko uffan ba, sauran fasinja ne suka yi masa dariyar.

Garin shiru, tituna masu faɗi, babu turmutsutsun Kano. Sai a ranar 27 ga Agusta 1991 ya zama babban birni, lokacin da gwamnatin Babangida ta cire Jigawa daga jihar Kano, jami'ar tarayya kuma ta zo a 2011. Da yamma abokina ya kai ni Garu, tsohon gari, inda fadar Sarki take a tsakanin duwatsu. Na kuma sha mamakin ganin itatuwan dabino, don ni da na ɗauka sai daga Agadas yake zuwa mana.

Washegari na shiga aji. Na ce kowa ya rubuta mini mutum ɗaya a layi goma. Da na karɓi takardun, kai ka ce uwa ɗaya ta haifi mutanen. Kowace budurwa fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Kowane saurayi ɗan Alhaji ne da ya dawo daga Ingila da mota mai baƙin gilashi. Mugu kuwa ba ya wuce kishiya ko uwar miji. Ban ga mutum ko ɗaya da zan iya cin karo da shi a hanyar Kiyawa ba. Ban kuma ga laifin yaran ba. Abin da suka tashi suka tarar ke nan a yawancin littattafan soyayya, waɗanda yanzu suka koma cikin waya, da kuma finafinai.

Sai na juya allo na zuba ilimi: babban tauraro, ƙananan taurari, dangantakarsu da jigo. Suka kwafe tsaf, da rubutu mai kyau. Na ce a sake gwadawa, farar budurwar nan ta dawo, an dai ƙara mata wushirya.

Da na ga haka sai na ajiye takardun, na koma kan Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Da yawansu sun karanta shi. Na ce wa zai faɗa mini tsawon Malam Zurƙe ko launin fatarsa? Aka yi tsit. Na ce to wa ya tuna irin tsiyar da suke ƙulla wa juna shi da Alhaji, babban tauraron littafin? Hannaye suka tashi, har da masu gardama a kan wanda ya fi wani sharri. Wata daga baya ta ce ai haka Gizo yake, ba wanda ya damu da kamanninsa, da tsamin bakinsa da haɗamarsa aka san shi. Wallahi ta riga ni, don ba ya cikin takarduna.

Dabarar da ta yi aiki ma ba tawa ba ce. Abokina ya ce tunda gobe kasuwar Shuwarin ke ci, kuma ba nisa, a bar allo haka nan. Aka raba su biyu-biyu, kowa ya zaɓi mutum ɗaya ya saurare shi, da sharaɗin ba za a rubuta launi ko tsawo ba. Ni ma na bi su, ina ratsawa tsakanin buhunan gero da riɗi, rana tana dukan ƙeyata.

Abin da suka kawo da la'asar ya bambanta. Wani yaro ya kawo dillalin da ke kushe rago, ya ce ƙashi ne da fata, da an sallama kuma ya juya yana yabon ragon nan kamar shi ya yi kiwonsa. Wata yarinya ta kawo Bafulatana mai nono, wadda ke ƙulle kuɗi a gefen zane, ƙulli biyu. Daga ɗaya take ba da canji, ɗayan kuwa ko an matsa mata ba ta kwance shi. Na tambaye ta na mene ne ƙullin na biyu. Ta ce ba ta tambaya ba, amma a labarinta kuɗin motar zuwa ganin 'yarta ne da aka aurar nesa. Na ce mata ta ci gaba daga nan, ta riga ta samu labari.

Tambayoyi biyu suka kayar da ni. Wani ya ce, Malam, wannan ba yi da mutum ba ne? Ban taɓa tunanin haka ba. Abokina ya cece ni, ya ce a sauya suna da gari, a haɗa halin mutum biyu ko uku, kada a tona asirin kowa. Ta biyu a kan harshe ce. Yarinyar ta gyara maganar mai nonon ta koma daidaitacciyar Hausa, sai matar ta zama kamar mai karanta labarai a rediyo. Na ce a bar tauraro da bakinsa, mai ba da labari ya riƙe ƙa'ida. Abokina ya ce ya yarda, amma shi zai tura su jarrabawa, kuma mai dubawa zai iya ɗaukar hakan kuskure. Har muka kwanta ba mu daidaita ba, kuma ina ganin kowannenmu yana da gaskiyarsa.

A dawowa na biyo ta Kwanar Huguma na leƙa Birnin Kudu, don in ga tsofaffin zanen shanun da ke jikin duwatsu. Sun dushe, sai an nuna maka da yatsa, amma ƙahonin suna nan.

Yarinyar ta ba ni kwafin shafinta, yana cikin jakata tare da takardun jami'ar. In ka shigo ranar Juma'a ka taho da 'yarka mai son rubutu, ta karanta. Na yo maka tsarabar dabino, sai dai rabi ya ƙare tun kafin Wudil.