Yadda Muka Ɗinke Garkuwar Golanmu

Mu uku ne 'yan Arewa da karatu ya haɗa a gida ɗaya a birnin Winifeg na ƙasar Kanada. A nan sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma wasan da kowa ke magana a kai shi ne hokin ƙanƙara, wanda dokar ƙasar ta 1994 ta mayar da shi wasan hunturu na ƙasa. Mutum shida ke bugawa a kowane gefe, suna sulu da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri da sanduna. Nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma idan ya sami mutum a ƙwauri sai ya ji kamar an jefe shi da dutse.

'Yan ajinmu suna da ƙaramar ƙungiya, sai dai ba su da gola. Dogon cikinmu, wanda tun yana sakandare a Kano shi ke tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya ce zai gwada. Matsalar ita ce kayan. Golan hoki yana ɗaura wasu manyan garkuwoyi biyu daga kan yatsun ƙafa har cinya, kuma sababbi masu kyau sun haura dala 1,000. Sai muka yi karo-karo daga kuɗin abincinmu muka sayi na gwanjo.

Da muka kawo su gida ne muka ga aibinsu. Garkuwar zamani soso ne mai tauri a cikin rigar roba, kuma da siririyar igiyar nailan ake ɗinke sassanta. Tsofaffin na da kuwa fata ce ake cusa wa gashin barewa da audugar rimi, irin wadda ake yin matashi da ita a gida. A ta ƙafar hagu, igiyar da ke riƙe da matashin gwiwa ta cinye saura ƙiris ta tsinke. Wannan matashin shi gwiwa ke sauka a kai duk lokacin da gola ya durƙusa ya baje ƙafafunsa don toshe ƙasan raga. In ya goce, gwiwa ce za ta daki ƙanƙara kai tsaye.

Mun taso muna kallon dukawa da masu gyaran takalmi suna aiki da basilla, don haka muka ɗauka abin wasa ne. Kuskurenmu na farko shi ne mun sa almakashi mun yanke tsohuwar igiyar muka zare ta duka, ba mu ɗauki hoto ba. Sai ga mu da layin ƙofofi, ba mu san ta wacce za a shiga ba, ta wacce za a fito. Abin da ya cece mu shi ne ta ƙafar dama, wadda ba mu taɓa ba. Muka ajiye ta a gefe muna kwaikwayon ɗinkinta ƙofa bayan ƙofa.

Basilla ba mu da ita, sai muka lanƙwasa siririyar waya gida biyu, muna zura ta a ƙofa tana jawo igiyar. Muka ɗan ƙona bakin igiyar da ashana don kada ya warware. Duk ƙofa biyu sai mu tsaya mu ja da filaya, domin in aka bari sai ƙarshe ba ta ɗamewa daidai. Mun fara bayan Magariba, ba mu yi ƙullin ƙarshe ba sai wajen sha ɗayan dare.

Kuskure na biyu ya fi haɗari. A ƙasan kowace garkuwa akwai igiyar da ke haɗa ta da gaban takalmi. Mu dai muka ga ƙarfi shi ne gyara, muka ɗaure ta tamau. A atisayen farko golanmu ya fito yana dafe da gwiwa. Wani dattijo mai wasa ƙarfen takalma a filin ya kira mu ya duba. Ya nuna mana cewa dole a yi ƙulle-ƙulle a gindin igiyar, a bar tazara kamar faɗin yatsu biyu tsakanin garkuwa da takalmi. Idan babu wannan sararin, takalmi ba ya iya sauka kan ƙanƙara sa'ad da gola ya durƙusa, sai duk murɗewar ta koma kan idon sawu da gwiwa da ƙugu. A nan gefen fili muka kwance muka sake, kunya duk ta kama mu, don da hannunmu muka kusa jawo wa ɗan'uwanmu rauni.

Ƙannenmu, ko jakar makaranta ce ko takalmin ƙwallo za ku gyara, ku duba yadda aka yi shi kafin ku warware, kuma ku nuna wa wanda ya san aikin kafin a yi amfani da shi. Mu dai yanzu duk daren Juma'a muna shimfiɗa garkuwoyin a tsakar ɗaki su sha iska, mu bi igiyar da yatsa muna neman inda ta fara gashi. A wasan makon jiya an ci golanmu huɗu, amma ya tare fiye da haka, kuma da ƙafarsa ya tako gida.