Tsakanin Sauka da Hawa a Tamale

Wanda ya tashi daga Jisonayili, a arewacin Tamale, da nufin zuwa Yendi ko Salaga, tafiyarsa kashi biyu ce. Zai fara hawa yalo-yalo, wato keken nan mai ƙafa uku, ya shiga gari, sannan ya nemi motar da za ta fita da shi. Wahalar tana tsakanin saukar da hawan.

Na gane haka ranar da na raka gwaggona, ga buhun masara, ga jikanta a goye. Mun wuce gadar saman da Shugaba Akufo-Addo ya buɗe a watan Maris na 2022. Aiki ne mai kyau, amma motoci aka yi wa.

Tashoshin garin a warwatse suke: ta STC daban, ta Metro Mass daban, ta kasuwar Aboabo daban, ga wasu ƙanana. Mai yalo-yalo ya sauke mu a bakin titi, daura da wadda muke nema, muka tsallaka cikin babura da buhu a kaina. Babu allon da ke nuna inda kowace mota take lodi, sai kiran 'yan kamasho, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. Zafin Tamale a bazara kan kusanci digiri 40, rumfar kuwa ba ta ɗauke rabinmu ba. Da azahar ta yi, ni na samu buta na yi alwala a gefen kwata. Gwaggo ta rasa wurin da mace za ta keɓe.

A ganina da irin waɗannan ya kamata hukuma ta auna tasha: taku nawa ne daga inda aka sauke mutum zuwa motarsa, kuma a ina tsohuwa za ta zauna? Allo da Dagbanli da Hausa da Turanci, da rumfa, da famfo, da makewayin mata, kuɗinsu bai kai na ginshiƙin gada guda ba. Garin da ya ware wa masu keke hanyarsu a manyan tituna ba zai kasa wannan ba.

Motar ta cika bayan la'asar. Na ce, “Gwaggo, Allah ya kiyaye hanya.” Ta ce, “Amin, ɗana. Ai tun ban tafi ba na gaji.”