Daga Mai Yara zuwa Agadas: Wuraren Kwana

Asabar

Na rako Kawu da lodin gero, daga Mai Yara zuwa Agadas. A Dakwaro muka kwana, gidan fatomansa. Zaure ne da tabarmi da tulun ruwa, babu rajista, babu kuɗin ɗaki. Mai gida yana ciyar da baƙo, ya tsare masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, ribarsa tana cikin la'ada. Da wannan tsari fataken goro suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja.

Lahadi

Ƙura tun safe har Abalak. Da dare a tasha wani ɗalibi ya nuna mana hotunan otal ɗin ƙanƙara na ƙauyen Yukasyarbi, arewacin Suwidin. Daga kogin Torne ake yanko ƙanƙarar, a gina ɗakuna da gadaje, baƙi su kwana kan fatun dabbobi cikin sanyi mai maki 5 ƙasa da sifili. Zafi na shigowa ginin ya narke, baɗi a sake sabo. Kawu ya ce wannan ai kamar tantin Buzaye ne, kowace shekara a kafa a tsige.

Litinin

Mun shiga Agadas da la'asar. Ina sauke jaka na nufi Otal Ayir, daura da babban masallaci. Ana kiran ginin fadar Kawusan, jarumin Abzinawan nan da ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Daga baya aka mai da shi masaukin baƙi.

Na daɗe cikin babban zauren. Ƙasa ce zalla, katanga mai kauri, rufin kuma daurin guga ne irin na maginan Hausa. A waje rana na ƙona ƙafa, a ciki iska na da sanyi ba tare da wata na'ura ba, domin katangar tana shanye zafin yini, sai dare ta sake shi. Daga saman soro hasumiyar masallacin tana gabanka, mita 27, itatuwa sun tsittsiro daga jikinta. An fara gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844. Ban ga abin da otal ɗin ƙanƙara ya fi wannan ba. Wancan sanyinsa ake zuwa gani, wannan kuwa ga sanyi ga tarihi.

Abin da ya dame ni ƙarancin baƙi a garin. UNESCO ta sa tsohon Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma tun tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Ginin ƙasa kuwa yana son yaɓe bayan kowace damina, yaɓe kuma sai da kuɗi.

Talata

Kawu ya sayar da geronsa, ya sayi kantun gishiri. Mai gishirin ya ba mu labarin tsofaffin gidajen Fachi da Bilma, waɗanda aka gina da ƙasa mai gishiri, masu tsoron ruwan sama fiye da kome. Ibn Batuta ya ga irinsu a Tagaza a 1352, har da masallaci. Yau a Bolibiya, bakin fadamar gishirin Uyuni, otal ɗin Palacio de Sal da tubalin gishiri aka yi shi, kuma daga nesa ake zuwa kwana cikinsa. A Siwa ta Masar ma akwai Adrere Amellal, na gishiri da laka, wanda ba ya amfani da lantarki.

Laraba

A hanyar komowa Gadabeji ce a raina, gandun dajin da ke arewa da garinmu. A 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, bayan shekaru masu yawa da ɓacewarsu a Gadabeji. A Nairobi akwai Giraffe Manor, inda raƙuman dawa ke leƙo kai ta taga lokacin karin kumallo, sunansa ya zaga duniya.

Attajiran Dakwaro da Maraɗi, in za ku gina masauki, ku kira maginan gargajiya tun suna da rai, ku yi shi da ƙasa da azara. Baƙin farko ba sai sun zo daga Turai ba, ƴan makarantarmu da fatakenmu sun isa a fara da su.