Bel ɗin injin yankan dutse da halin da muke ciki

Yau ba siyasa na zo yi ba, ko da yake duk inda ka bi ka zagayo a kanta za ka faɗa.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, kowa lissafin shinkafa da kuɗin mota yake yi. Mu masu cin abinci da inji muna da wani lissafin da ba a cika jin sa a rediyo ba. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, ga shi bel da boris da faifan yanka da kafasita duk daga waje suke zuwa. Sabon inji kam mun daina tambayar kuɗinsa, don kada hawan jini ya tashi. Wanda ke hannunka shi za ka lallaɓa.

Sana'ata yankan giranet da mabul da tayil, wani lokaci har intalok da bulo. Injina irin mai tebur ne, faifai inci 14, moto a baya, bel biyu ke ɗauko ƙarfi daga fulin moto su kai fulin faifai. Yara da yawa sun fi son giranda ta hannu saboda sauƙin ɗauka, amma ni har gobe ina bayan mai bel. Dalili kuwa, idan faifai ya cije a cikin dutse, bel ne ke sulɓewa ya yi ƙara, moto ya tsira. Abu mafi arha a jikin injin shi ke karɓar dukan da ya kamata ya faɗa kan mafi tsada.

To amma fa sai an san shi. Bel ɗin nan da gefunansa yake kama fuli, ba da gindinsa ba. In ka leƙa ramin fuli ka ga ƙasansa na sheƙi kamar an goge, to ko bel ya cinye ko fulin ya zaizaye, bel ya nutse har ƙasa. A irin wannan ko sau goma ka ɗaure sulɓewa zai yi. Abin da na fi gani a wuraren aiki shi ne da zarar inji ya yi kuka sai yaro ya ɗauko sifana ya ja moto baya iya ƙarfinsa, bel ya zama kamar tsirkiyar gurmi. Ƙarar ta daina, kowa ya ji daɗi. Bayan mako biyu boris ya fara gurnani, ka taɓa wajen ka ji zafi kamar murhu. An guje wa kuɗin bel an faɗa kuɗin boris, in ba a yi sa'a ba har shaf ya ci.

Yadda maigidana ya koya min, Allah ya jiƙansa, ka kashe inji ka zare waya daga soket tukuna, sannan ka danna tsakiyar bel da babban yatsa. Ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya a irin gajeren bel ɗinmu. In ya ƙi motsi ya yi tauri, in ya tafi luu ya yi sako-sako. Sabon bel kuma yana miƙewa a aikin farko, don haka washegari a sake duba shi. Kada a ɗana shi da sukundireba a tilasta masa hawa fuli, zaren cikinsa ke tsinkewa ba ka gani ba. A kwance notin moto a matso da shi, a saka, a mayar. Sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu a tabbata suna kan layi ɗaya, don in sun karkace gefe guda bel zai riƙa ci, ka ga baƙin gari na zuba a ƙasa. Wanda injinsa ke da bel biyu, in ɗaya ya mutu duka biyun ake canzawa. Ka haɗa sabo da tsoho, sabon ne kaɗai zai ɗauki kaya.

Sai maganar kasuwa, wadda ita ce ta sa ni wannan dogon rubutun. A jikin bel akwai harafi da lamba. Harafin faɗinsa yake nufi, A wajen milimita 13, B wajen 17, lambar kuma tsawonsa. Kwanaki na aiki yarona ya sayo, na rubuta masa lamba a takarda. Ya dawo da wani daban.

"Oga, mai shagon ya ce duk ɗaya ne, wai a ɗan ja moto kawai."

Na ce, "Kai, koma ka ce masa na gode, amma in ya ga dama ya sa takalmin ƙaninsa ya je Juma'a."

Ba na cewa duk 'yan kasuwa haka suke. A Kofar Ruwa akwai dattawan da in ka nuna musu tsohon bel za su faɗa maka har abin da ya kashe shi. Sai dai tsadar nan ta cika kasuwa da kaya masu kwali mai kyau da cikin banza. Boris ma haka. Mu da muke aiki cikin ruwa da laka, mai murfin roba muke nema, wanda ake rubuta 2RS a ƙarshen lambarsa. Mai murfin ƙarfe ruwan dutse na shiga ya wanke giris ɗin, wata ɗaya ya gama.

Wuta kuma ba sai na faɗa ba. In ta zo da rauni moto ya riƙa gunji ya kasa tashi, ko a jawo siririyar waya mai tsawo daga gidan maƙwabci, koyil ya yi ta zafi har ya ƙone. Ka kai naɗi, in ba ka tsaya a kai ba a naɗa maka wayar alminiyon da aka yi wa launin tagulla, a karɓi kuɗin tagulla. An taɓa yi wa wani abokin sana'ata haka, moton bai yi wata biyu ba. Ka koma janareta, man da ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024 ya cinye ribar.

Amma duk wannan kuɗi ne, ana nemowa. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙura. Injin nan da ruwa aka yi shi ya yi aiki, akwai ƙaramin famfo a cikin tire yana watsa ruwa a kan faifai. Ruwan na sanyaya faifai, yana kuma kwantar da ƙura. Famfon yana toshewa da laka in ba a wanke tiren kullum bayan an tashi. Yanzu da jarkar 'yan garuwa ta yi tsada, famfo ya mutu ba a saye, sai ka ga yara suna yankan giranet a bushe, sun yi fari fat har gira, wani ya ɗaure hanci da hankici wai shi ya yi kariya. Ƙurar giranet da ta kankare tana ɗauke da silika, in ta zauna a huhu tana jawo cutar da likitoci ke kira silikosis. Ba ta da magani, ba kuma yau take nunawa ba, sai bayan shekaru mutum ya fara haki yana tari, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Yaron da ke yankan nan ɗan shekara 18 ne, kuɗin yini ake ba shi, ba shi ne ya yanke shawarar kada a gyara famfo ba. A wajena doka ce, babu ruwa babu yanka, ko da mai aiki na tsaye yana duba agogo. Wani Alhaji ya taɓa ce min ina da tsauri. Na ce, "Ranka ya daɗe, matakalarka za ta iya jiran gobe."

Haka murfin bel. Ana cire shi don a huta da kwance noti, ba a mayarwa. Mu kuma masu son doguwar riga ne. Bel ba ya tambaya, in ya kama bakin riga da hannun zai tafi.

Shi ya sa idan na ga hotunan rabon kayan sana'a, an jera injina an ɗaura musu kyalle ana tafi, nake cewa madalla, amma wa zai zauna da yaran nan ko na kwana uku ya nuna musu ɗaurin bel? Wa zai gaya musu cewa faifan da ya daina ci sau da yawa bai mutu ba, bakinsa ne ya yi santsi, in ka yanka tsohon bulo da shi sau biyu uku zai buɗe? Ku je Panteka a Kaduna ku ga masu gyaran da za su iya koyar da wannan da ido rufe, ba wanda ya neme su. Da idona na ga inji sabo fil an sayar wa 'yan gwangwan, abin da ya same shi kafasita ce kawai.

Masu sana'ar da ke nan, ku faɗa mana a ƙasa wane bel ne ke yi muku ƙarko a 'yan kwanakin nan, don nawa na yanzu ya fara tsagewa ta ciki, ga aikin matakalar masallaci na jira na ranar Asabar.